Kwikwiyo Mai Cizo: Tun Yana Ɗanye Ake Tanƙwara Shi

  A wannan mako za mu ɗan ajiye alli da allo, mu leƙa tsakar gida, domin akwai wani ɗalibi mai ƙafa huɗu da ke jiran a koyar da shi, kuma ku ne malamansa.

Duk wanda ya san Samaru da Sabon Gari ya san gidajen da ake kiwon kare ba su da kaɗan. Daga gidajen ma'aikatan jami'a zuwa Hayin Dogo, daga Palladan zuwa Muciya da Cikaji, za ku ji haushi a bayan ƙofa. Wasu don gadi suke ajiyewa, wasu don farauta, wasu kuma don tsaron gona ko garke. A mafi yawan gidajen nan, babba ne yake kawo kwikwiyon, amma yaro ɗan sakandare ake bar wa ɗawainiyarsa. Makon farko kowa yana murna, ana rububin ɗaukarsa. Kafin wata guda ya cika, labari ya canza. Ya yaga safar makaranta, ya huda silifas ɗin Baba, ya kama ƙafar auta har ta yi kuka, Mama kuma ta ce ita dai a fitar mata da wannan abu daga gida.

Daga nan abu biyu ne kan faru. Ko dai a ɗaure shi da sarƙa a lungu a riƙa zane shi, ko kuma a kai shi bakin bola a yar. Na farkon yakan tashi mugun kare wanda ko 'yan gida ba su tsira daga haƙoransa ba. Na biyun, in ya rayu, yakan shiga ayarin karnukan da ke gararamba a unguwa ba allura ba mai kula, waɗanda ku da ƙannenku za ku yi karo da su a hanyar makaranta da asuba. Duka biyun asara ce, alhali gyaran bai fi aikin 'yan makonni ba in an san hanya.

Me ya sa yake cizo?

Likita ba ya ba da magani sai ya san ciwo. Kwikwiyo ba shi da hannu. Abin da jariri yake yi da yatsunsa, shi da baki yake yi. Da baki yake gane taushi da tauri, da baki yake gayyatar wasa, da baki yake cewa ya gaji.

Sannan ga maganar haƙori. Ana haihuwar kwikwiyo ba haƙori ko ɗaya. Wajen mako uku sukan fara tsirowa, kafin ya kai wata biyu yana da ƙanana guda 28 masu tsini kamar allura. Wajen wata uku zuwa huɗu sai ya shiga famfara, ƙananan su riƙa zubewa manya suna fitowa, har ya cika 42 a wajen wata shida zuwa bakwai. Ku kwatanta da mu 'yan Adam, da muke da 20 a yarinta, 32 in mun girma, kuma muke ɗaukar shekaru muna canji. Shi a cikin 'yan watanni yake gama nasa. Dasashinsa yana ƙaiƙayi yana zafi, tauna ce kawai take sanyaya masa. Wanda ya tuna yadda ya riƙa wasa da haƙorinsa mai girgiɗi da harshe a aji ɗaya na firamare zai tausaya masa.

Saboda haka cizon kwikwiyo ɗan wata biyu ko uku ba alamar mugunta ba ce. Sai dai abin da yake ba mu dariya a bakin ɗan wata biyu, a bakin ɗan shekara guda asibiti yake kai mutum. Wannan tazara ita ce damarku.

Makarantarsa ta farko

Kafin ku, yana da malamai: uwarsa da 'yan'uwansa. Ku tsaya ku kalli 'yan kwikwiyo suna kokawa. Idan ɗaya ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wanda aka ciza zai yi ƙara ya janye, wasa ya tsaya. Mai cizon ya rasa abokin wasa na ɗan lokaci. In haka ta faru sau goma, sau ashirin, sai ya gane cewa cizo mai zafi yana kashe wasa, ya fara sassauta muƙamuƙinsa. Uwar ma in ya matsa mata wajen shan nono, tashi take yi ta bar shi.

Wannan ne ya sa likitocin dabbobi suke cewa kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. A wajenmu an saba ɗauke shi tun yana mako uku ko huɗu, wai don ya fi sabawa da mai shi, ko don kada wani ya riga mu zaɓen mai kyan. Wanda aka ɗauke da wuri kamar yaron da aka cire daga aji biyu ne aka kai shi sakandare. Idan an yi muku alkawarin kwikwiyo, ku roƙi mai karyar ya bar shi ya cika wata biyu. In kuma an riga an kawo, to darasin da bai samu a wajen uwarsa ba ya dawo wuyanku.

Darasi na ɗaya: haƙori ya taɓa fata, wasa ya ƙare

Dabarar uwarsa za ku ara. Kuna cikin wasa, da zarar haƙorinsa ya taɓa hannunku, ku faɗi kalma ɗaya gajera, kamar "Bari!", da murya tsayayya ba tare da ihu ba. Kada ku fizge hannun. Abin da ke motsi da sauri shi yake tsokano masa son kamu, kuma fizgewa ita ke sa haƙorin ya yage fata. Ku saki hannun ya mutu kamar tsumma. Da ya sake ku, ku miƙe, ku juya masa baya, ku harɗe hannu, kada ku kalle shi kada ku yi masa magana. Ku ƙirga ashirin ko talatin a zuci, sannan ku dawo ku ci gaba da wasa. In ya biyo ku yana kama ƙafa, ku shige ɗaki ku ja ƙofa na rabin minti.

Zai sake. Ku ma ku sake. A ranar farko kuna iya yin haka sau goma sha biyar, har ku ji kamar kuna zuba ruwa a kwando. Ba haka ba ne. Abin da kwikwiyo ya fi so a duniya shi ne ku kula shi, kuma shi kuke ɗauke masa duk lokacin da ya yi cizo. Ba a daɗewa yake haɗa lissafin.

Darasi na biyu: ku ba shi abin da ya halatta ya tauna

Hana shi hannu ba zai kashe ƙaiƙayin dasashi ba. Dole a ba bakin aikin yi. Ba sai kun sayi kayan wasa masu tsada ba. Ku sami tsohon tawul ko tsohon wandon jins, ku yanka shi dogo-dogo, ku kitsa kamar igiya, ku ƙulle bakin biyu tamau. In kun jiƙa shi da ruwan randa, ko kun sa a firiji in akwai wuta, sanyin yana kwantar masa da zafi. Karas babba mai sanyi ma yana yi, ga shi ba ya wuyar samu a kasuwar Samaru ko ta Sabon Gari a lokacinsa. Idan igiyar ta fara warwarewa ku canza ta, kada ya haɗiye zare.

Kullum za ku je wajensa, igiyar tana hannunku. Da kun ga ya buɗe baki ya nufo yatsa, ku sa masa ita. Ya kama, ku yabe shi da murya mai daɗi.

Akwai abubuwan da ba a ba shi. Kada ku ba shi tsohon takalmi, domin bai san bambancin tsoho da sabon da aka saya muku na sallah ba, warin ƙafa ɗaya yake ji. Gutsuren silifas da leda da totuwar masara suna iya toshe masa hanji. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya yi tsini ya huda ciki. Albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare jini, cakulan da goro kuma guba ne gare shi, don haka ku gargaɗi ƙannenku masu son raba komai da shi.

Darasi na uku: ku biya shi lada nan take

Mun fi saurin ganin laifi fiye da abin kirki. Kwikwiyo zai kwanta shiru minti goma ba wanda ya dube shi, amma da ya kama gefen zani gida duka ya ɗauka. A wajensa ma'anar wannan ita ce, cizo ne hanyar samun hankalin mutane. Ku juya lissafin. Ku ware ɗan abincinsa a gwangwani, ko 'yan mitsi-mitsin busasshen kifi marar ƙaya. Duk lokacin da kuka shafa kansa bai buɗe baki ba, ku ba shi ɗaya. Ladan ya zo cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, in ya wuce haka ba zai san me aka biya shi a kai ba.

Ku koya masa "Zauna". Ku riƙe abincin a saitin hancinsa, ku ɗaga a hankali zuwa bayan kansa. Yana bin abincin da ido, gindinsa zai sauka ƙasa da kansa. Da ya sauka ku ce "Zauna", ku ba shi. Minti uku zuwa biyar ya isa, sau biyu ko uku a rana: kafin ku tafi makaranta, bayan kun dawo, da kuma bayan la'asar. Amfanin wannan kalma babba ne, domin karen da ke zaune ba ya iya tsalle ya kama hijabi a lokaci guda.

Masu gudu da masu ihu

Yawancin waɗanda kwikwiyo yake kamawa ƙananan yara ne, saboda su ne masu gudu suna ihu, rigar Islamiyya ko siket yana kaɗawa. A idonsa wannan zomo ne ya tashi. Ku tara ƙannenku ku koya musu wasan "itace": in Duna ya biyo ka, ka tsaya cak, ka haɗe ƙafa, ka rungume hannu a ƙirji, ka dubi sama. Itace ba ya gudu, don haka ba daɗin bi. Ku kuma sai ku kira shi ku ba shi igiyarsa. Kada a taɓa barin yaro ɗan ƙasa da shekara shida ko bakwai shi kaɗai da kare, komai ƙanƙantar karen, komai sabon da suka yi.

Ku lura da lokaci ma. Sau da yawa cizon yakan yi tsanani da yamma, wajen magariba, ya riƙa zagaye tsakar gida kamar an kunna shi. Galibi gajiya ce. Kwikwiyo yana buƙatar barci mai yawa, kusan awa 18 a kwana guda, amma a gidan da yara suke da yawa, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka. Kamar jariri ne, in barci ya ishe shi sai rigima. Ku yi masa wuri mai inuwa da buhu ko tsohon bargo da ruwan sha, in ya shiga kowa ya ƙyale shi.

Sharaɗin da ya fi duka wuya shi ne gida ya zama baki ɗaya. Idan ku kuna hana shi, yayanku kuma yana dawowa daga kallon ƙwallo ya riƙa cusa masa hannu a baki yana dariya, to aikinku ya zama na baban giwa. Ku zauna da kowa, a yarda da kalma ɗaya da doka ɗaya.

Maganar sanda

Mun san abin da wasunku za su ce: "Ai kare sai da duka." Gaskiya ne in kun buge shi zai sake ku a lokacin. Amma me ya koya? Ya koyi cewa hannun mutum abin tsoro ne. Gobe in ƙanwarku ta miƙo hannu don ta shafa shi, ba zai san bambanci ba, zai riga ta. Cizon tsoro kuwa ya fi na wasa muni nesa ba kusa ba, domin da dukkan ƙarfinsa yake yi. Haka matse masa baki, da murɗe kunne, da danne shi a ƙasa.

Akwai kuma masu cewa in ana son kare ya yi zafin gadi, sai a kulle shi a keji mai duhu kada ya ga kowa, a sa masa barkono a abinci, a riƙa tsokanarsa da kara. Irin wannan kare ba ya bambance ɓarawo da baƙo. Mai ruwa da ya turo kura, da almajirin da ya yi sallama, da kakarku da ta zo daga ƙauye, duk ɗaya ne a wajensa. Ranar da sarƙa ta tsinke, maganar ta bar gida ta koma wajen mai unguwa ko ofishin 'yan sanda, zumuncin maƙwabtaka na shekaru ya lalace. Gadi a jinin kare yake, ba sai an zalunce shi ba. Mai gadin kirki shi ne wanda ya san mutanen gida da harkokin yau da kullum, har in baƙon abu ya zo da tsakar dare ya gane ya yi haushi.

Wannan sanin yana da lokaci. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ko 14 ne ƙwaƙwalwar kwikwiyo take karɓar sababbin abubuwa ba tare da tsoro ba. A cikin wannan lokaci ku nuna masa duniya a hankali: ƙarar babur da Keke Napep, injin markaɗe, janareta, awaki da kaji, mai rawani, mai hijabi, mai sanda, mai hular kwano. In bai gama allurarsa ba, ku riƙe shi a hannu a ƙofar gida ya kalla, kada ku sauke shi inda wasu karnuka suke kashi. Duk abin da ya gani bai firgita ba, ku ba shi lada.

Ku kuma koyi jin maganarsa. Mai wasa jikinsa a sake yake, yakan kwantar da ƙirji ya ɗaga gindi yana kaɗa wutsiya. Wanda ya tsorata ko ya fusata jikinsa yakan sandare, kunnuwa su kwanta, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, yana cewa a ba shi wuri. Wanda ya doke shi don ya yi gurnani ya koya masa ya daina gargaɗi, ya riƙa cizo kai tsaye. Kada ku dame shi yana barci, kada ku janye masa kwano yana ci. In kuna son ya saba da hannu kusa da abincinsa, ku riƙa wucewa kuna jefa masa ƙarin abu mai daɗi a kwanon.

Addininmu da al'adunmu duka sun hana zaluntar dabba. Musulminmu sun san labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma sun san malamai sun yi bayanin dalilan da suka halatta ajiye kare da hukuncin yawunsa. Ku tambayi malamanku na Islamiyya. Wannan ma wani dalili ne na koya masa ya kame bakinsa daga jiki da tufafin mutane, ya kuma san iyakarsa a cikin gida.

Cizon da ba a ɓoyewa

Yanzu ku ajiye komai ku saurara, domin wannan sashe ya fi duk na baya. Akwai cutar haukan kare. Ƙwayar bairos ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu. Tana shiga ta cizo, ko yakushi, ko lasar wurin da ke da rauni, sannan ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ciwon zai warke, a manta da shi. Ranar da alamu suka bayyana, zazzaɓi da ruɗewa da tsoron shan ruwa, kusan ba wanda yake tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wato sa'o'inku da ƙannenku.

Dalilin da ya sa yara suka yi yawa a lissafin ba boyayye ba ne. Su ke wasa da karnuka, su ke tsintar kwikwiyo a hanya, kuma su ke ɓoye cizo don tsoron faɗa. Kada ƙanƙanta ta ruɗe ku, ɗan kwikwiyo ma yana iya ɗauke da cutar, musamman wanda aka tsinta ba a san uwarsa ba. Kuma ba kowane mai cutar ne yake hauka yana bin mutane ba. Wani shiru yake yi, muƙamuƙi ya saki, yawu yana dalala, kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada ku sa hannu a bakin irin wannan.

Idan haƙori ko farce ya huda fata, ga abin yi. Ku je famfo ko ku sa a riƙa zuba muku ruwa da buta, ku wanke wurin da sabulu har minti 15. Ku duba agogo, minti 15 yana da tsawo. Wannan wankin kaɗai yana rage haɗari ƙwarai. Ku shafa aidin ko sifirit in akwai. Ku faɗa wa babba nan take, ko da ku ne da laifi, ko da an hana ku zuwa inda abin ya faru. Faɗan Baba na yini ɗaya ne. Sannan a tafi asibiti a ranar, ma'aikatan lafiya su duba ko ana buƙatar allurar rigakafi. Ba guda ɗaya ba ce: ana yi a ranar farko, da bayan kwana 3, da bayan kwana 7, wani tsarin har da ƙari, kuma dole a cika. Toka, da barkono, da man birki, da ƙona gashin karen a shafa, babu wanda yake kashe wannan ƙwaya.

In karen na gida ne ko na maƙwabta, kada a yi gaggawar kashe shi ko korarsa. A tsare shi wuri guda, a ba shi abinci da ruwa, a sa masa ido kwana 10, a sanar da likitan dabbobi. Lafiyarsa a waɗannan kwanaki tana taimaka wa likitoci su san matsayin wanda aka ciza. Amma ba a jiran kwana goman kafin a je asibiti.

Rigakafin nan yana da tarihi. A watan Yuli na 1885, a ƙasar Faransa, aka kai wa masanin kimiyya Louis Pasteur wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi wa rauni da yawa. Pasteur ya gwada masa allurar da yake bincike a kai, yaron ya rayu har ya manyanta. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita ce duniya take tunawa da yaƙi da wannan cuta a kowace shekara, kuma burin da aka sa shi ne a daina rasa rai ta dalilin cizon kare nan da 2030. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Kwikwiyonku yana cikin wannan lissafi.

Mu 'yan Zariya ba mu da uzuri. A cikin harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru akwai Tsangayar Likitancin Dabbobi da asibitin koyarwarta, inda ake duba karnuka da sauran dabbobi. Ga Asibitin Koyarwa na jami'ar a Shika don mutane. Ita kanta Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda take haɗa alluran rigakafin dabbobi har da na wannan cuta, daga Zariya aikinta ya faro kafin a mayar da shi can a 1924. Mutanen wasu garuruwa sai sun yi tafiyar sa'o'i kafin su ga likitan dabbobi, mu kuwa kuɗin mota ne daga Kwangila.

Ana yi wa kwikwiyo allurar haukan kare in ya cika wata uku, a riƙa sabuntawa kamar yadda likita ya rubuta, galibi shekara-shekara. Kafin nan, tun yana mako 6 zuwa 8, akwai wasu alluran da ke kare shi daga cututtuka irin mai sa amai da gudawar jini da ke kashe 'yan kwikwiyo da yawa, ga kuma maganin tsutsar ciki da na kaska. Za a ba ku kati. Ku adana shi tare da takardunku na makaranta, domin ranar da tsautsayi ya sa karenku ya ciji ɗan maƙwabci, wannan kati shi ne zai kwantar da hankalin gida biyu. In kuɗin ya yi wa gida nauyi, ku fara tara na kashewarku tun ranar da aka kawo shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin gida

Ga masu kwikwiyo, ku ware shafi ɗaya a bayan littafin lissafi. Ku ja layi 14, kowane layi rana ɗaya. Duk lokacin da haƙori ya taɓa fata ku sa alama, ku rubuta lokaci da abin da ake yi. Bayan mako biyu ku zana jadawali irin wanda malamin lissafi ya koya muku. Za ku ga sa'o'in da ya fi cizo da wanda ya fi ciza a gidan, daga nan za ku san inda gyara yake. In kun bi darussan nan, adadin zai riƙa sauka, ko da zai ɗan hau a tsakiyar famfara. In kuwa ya wuce wata bakwai yana cizo har da jini, ko yana sandarewa yana gurnani ga 'yan gida, ko halinsa ya canza farat ɗaya, ku kai shi wajen likita, kada ku tsaya gwaji.

Ga marasa kare kuma, naku aikin shi ne ku koya wa yara uku a layinku abu uku kafin Juma'a: kada su jefi kare, kada su gudu in ya biyo su, kuma in an cije su su wanke da sabulu minti 15 su faɗa wa babba. Ku aiko mana da sakamakon jadawalinku da tambayoyinku ta hannun editan wannan shafi, za mu duba su tare.

Allah Ya tsare mu, Ya ƙara basira. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.